Me Ya Hana Jiragen Kogin Isa Ɗaga Zanen Iska?

Bonkuku gari ne da ke zaune a tsakiyar kogin da ya daina gudu. Dallol Boso, kwarin da garin yake ciki, shi ne ƙarshen tsohuwar hanyar ruwan Azawak, wadda a zamanin da Sahara ke da dausayi take kwaso ruwa daga wajen duwatsun Abzin, ta biyo ta inda Filinge take a yau, ta wuce Bonkuku da Balayara da Birnin Gaure, ta je ta zuba a kogin Isa kusa da Bumba. Ruwan ya bar sarari tun shekaru dubbai, amma yana nan kwance ƙarƙashin yashi, shi ya sa rijiyoyin kwarin ba su cika zurfi ba, shi ya sa goriba ta samu wurin zama. Mutanen wannan ƙasa, Kurfayawa da Zabarmawa da Abzinawan Imanan waɗanda Bonkuku ce mazaunin sarautarsu, ba su gaji jirgi ba, igiya suka gada: ta guga, ta ɗaurin kayan raƙumi, ta dabaibayin jaki, wadda ake tufkawa da kaba a inuwar rumfa. Kogin da ke da ruwa bai kai tafiyar kilomita 200 daga nan ba, kuma duk wanda ya tsaya a bakinsa a Yamai ko Say ko Gaya ya lura, zai ga jirage na tafiya da gora, da matuƙi, da inji, amma da wuya ya ga wanda ya ɗaga zane iska na tura shi. An daɗe ana fassara wannan da ci baya, wai mutanen kogi ba su kai ga dabarar da Misirawa suka sani tun zamanin Fir'auna ba. Ni ban yarda da wannan fassara ba. Abin da tarihi da yanayin ƙasa suka nuna shi ne masu jirgin Isa sun auna zanen iska da irin koginsu, da irin jirginsu, da irin fataucinsu, suka ga ba ya biya.

Shaida mafi cika da ke hannunmu ta René Caillié ce, Bafaranshen da ya bi jiragen fatake daga Jenne a watan Maris na 1828 ya sauka a Kabara, tashar ruwan Tambutu, a watan Afrilu. Jiragen da ya bayyana sun wuce a kira su kwalekwale. Ya ƙiyasta cewa babba daga cikinsu yakan kai ƙafa 90 zuwa 100 a tsawo, ƙafa 12 zuwa 14 a faɗi, ya ɗauki kaya har tan 60 zuwa 80, shinkafa da gero da zuma da man kaɗanya da tufafi, ga kuma bayi da ake kai wa kasuwa. Ba da ƙusa aka haɗa su ba. Katako ne ake hudawa a gefe-gefe, a zura igiyar ganyen dabino ko ɗan'uwansa, a ɗaure wannan da wancan, yadda mai ɗinkin ƙwarya ke haɗa fasasshiya, sannan a cusa dakakkiyar ciyawa da laka a tsagin, a rufe da wata ciyawar, a sake bi da ɗinki. Duk da haka ruwa na shiga dare da rana, har sai an bar fili a tsakiyar jirgi inda mutane ke tsaye ba su da aiki sai kwarfe ruwa da ƙwarya. Tafiya kuwa da dogayen sanduna ake yi inda ƙasa ke kusa, da matuƙi inda ruwa ya yi zurfi, da jan igiya daga gaɓa inda gaɓar ta ba da hanya. Idan iska ta taso da ƙarfi, sai a nemi bakin ruwa a ɗaure a jira ta kwanta. Wato ga waɗannan matuƙa iska abin tsoro ce, kuma za mu ga cewa suna da hujja.

Shekara 25 bayan haka, a watan Yuni na 1853, Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya fito daga Sakkwato ta Gwandu, ya ratsa Dallol Foga mai gishiri da kudancin Dallol Boso, ya iso bakin kogi daura da Say. Jiragen fiton da ya tarar sun kai ƙafa 40 a tsawo, faɗinsu a tsakiya ƙafa 4 zuwa 5, kuma kowanne gungume biyu ne aka fafe, aka haɗa su baki da baki a tsakiya, aka ɗinke. Mafi girmansu ya ɗauki raƙumansa uku a tashi ɗaya. Dalilin wannan haɗi a fili yake. A wannan yanki na kogi babu itacen da zai ba da jirgi mai ƙafa 40 daga gungume guda. Manyan maɗatai suna kudu, a ƙasar Yawuri da Nufe da abin da ya yi gaba, inda ake sassaƙa jirgi daga itace ɗaya. Wanda ke arewa sai ya yi da abin da ya samu, ya cike giɓin itace da gwanintar igiya. Wannan gwaninta ita ce asalin sana'ar jirgi daga Jenne har Say, kuma ba ta yi nisa da wadda manomin Dallol ke yi da kabarsa ba.

Zargin jahilci shi ne mafi sauƙin rushewa, don haka ba sai an daɗe a kansa ba. Mansa Musa ya bi ta Alƙahira a 1324, Askiya Muhammadu ya bi ta nan a hajjinsa na 1496 zuwa 1497, kowannensu da babbar tawaga, kuma babu mai sauka Alƙahira bai ga zanen iska a kan Nilu ba. Alhazan ƙasar Hausa da suka bi hanyar gabas da ƙafa sun haye Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda a cikin jiragen Larabawa masu zane, suka dawo suka ba da labari. Rundunar Maroko da ta karya Songhai a Tondibi a 1591 cike take da mutanen Andalus da tubabbun Turawa waɗanda suka tashi a bakin teku, kuma jikokinsu sun mulki Tambutu da Jenne tsawon zamani ba tare da sun canza fasalin jiragen Kabara ba. Daular Songhai kanta ba ta raina ruwa ba. Sonni Ali da jirage ya ci Jenne, akwai babban hafsa mai sarautar Hi-koy da ke kula da rundunar ruwa, akwai Kabara-farma mai kula da tasha, ga Sarkawa da suka san kowane lungu na kogin tun daga Kabi har tafkin Debo. Mutanen da suka tsara sarautun ruwa haka, suka kuma ga zane da idonsu a ƙasashen waje, ba rashin sani ne ya hana su ɗinka shi ba.

Abu na farko da ya kamata a duba shi ne alƙiblar iska da alƙiblar ruwa. Nilu ya yi sa'ar da babu kogin da ya yi irinta: ruwansa na gangarawa arewa, iskarsa kuma mafi yawan shekara daga arewa take busowa. Mai zuwa kudu ya ɗaga zane iska ta kai shi, mai komowa ya naɗe zane ruwa ya kawo shi. Kogin Isa, mai tsawon kusan kilomita 4,200, ba miƙaƙƙe ba ne. Daga Segu zuwa Tambutu yana fuskantar arewa maso gabas, daga nan ya karya, ya biyo ta Gawo da Ansongo ya shigo Nijar yana fuskantar kudu maso gabas, haka yake har Gaya da Yawuri. Iskokinmu kuwa biyu ne: ta hunturu daga arewa maso gabas, da ta damina daga kudu maso yamma. Duk wanda ya ɗora waɗannan a kan taswira zai ga cewa a tsawon kusan kilomita 550 da kogin ya yi a cikin Nijar, iskokin nan biyu duk ta haƙarƙari suke dukan jirgi, ɗaya daga hagu, ɗaya daga dama. Babu wadda ke bin kogin, babu wadda ke hawansa. Lokacin da ruwa ke cika a Yamai, wajen Janairu da Fabrairu, sa'ad da ambaliyar da ta taso daga duwatsun Gini take isowa bayan ta yi watanni tana ratsa fadamun Masina, shi ne daidai lokacin da hunturu ya fi ƙarfi, yana yanko kogin a gicciye.

Wani zai ce ai jirgin zane na iya tafiya da iskar gefe, har ma ya fi gudu da ita. Gaskiya ne, amma da sharaɗi. Idan iska na bayan jirgi, aikin zane mai sauƙi ne: a shimfiɗa shi a gicciye, a riƙe kusurwoyinsa na ƙasa da igiya biyu, iska ta tura. Idan ta gefe take zuwa, sai an karkata zanen, a ja igiya ɗaya a sassauta ɗaya, kuma ƙarfin da ya kama ya rabu biyu, kaɗan ya tura jirgi gaba, mai yawa ya tura shi gefe yana neman kifar da shi. Abin da ke hana jirgin teku zamewa gefe shi ne dogon ƙashin da ke ƙarƙashin cikinsa, nutse cikin ruwa, yana tokare. Abin da ke hana shi kifewa kuwa faɗinsa ne da nauyin da aka danne gindinsa da shi. Jirgin Isa ba shi da ko ɗaya, kuma da gangan aka yi shi haka. Kogin cike yake da tsibiran yashi masu canza wuri kowace shekara, da duwatsu tsakanin Ansongo da Tilaberi, irin na Fafa da Labezanga, da ciyawar ruwa da ake kira burgu. Da rani akwai inda ruwa ba ya wuce gwiwa. Jirgin da zai yi aiki wata goma sha biyu a irin wannan ruwa dole cikinsa ya zama shafaffe, ya zama siriri, ya iya bi ta kan yashi ba tare da ya kafe ba. Idan aka yi masa lodi, bakinsa da ruwa bai fi taƙi ɗaya ba. A kafa wa irin wannan jirgi jigo, a ɗaura masa zane, hunturu ya buge shi ta gefe, ko dai ya zame ya faɗa cikin burgun ɗaya gaɓar, ko ya kurɓi ruwa da kayan mutane.

Sai kuma batun ɗinki. Jigon zane yana danna cikin jirgi ƙasa da gindinsa, igiyoyin da ke riƙe shi a tsaye kuma suna jan gefen jirgi sama da ciki, kuma duk bugun iska sai ya girgiza su gaba ɗaya. Jirgin da aka ɗinke yana da laushin jiki, wanda alheri ne idan ya daki dutse ko ya hau yashi, domin yakan lanƙwasa ya miƙe, in ma igiya ta tsinke a ja shi gaɓa a sake ɗinki kafin la'asar. Amma laushin nan shi ne ke buɗe tsagi idan aka matsa masa daga sama. A jirgin da Barth ya gani a Say, mahaɗin gungumen biyu yana tsakiya, kusa da inda jigo zai tsaya. A nan akwai suka mai ƙarfi da bai kamata a kauce mata ba. A tekun Indiya an yi ƙarnuka ana tafiya da jiragen ɗinki masu zane. Marco Polo ya gan su a Hormuz, kuma mutanen Lamu a gabar Kenya sun riƙe nasu, mai suna mtepe, mai zanen tabarma, har farkon ƙarni na 20. Ashe ɗinki kaɗai ba ya hana zane. Haka ne, sai dai waɗannan jirage suna da abin da namu ba su da shi: dogayen katakai, haƙarƙari a ciki, ƙashi a ƙasa, igiyar ɓawon kwakwa mai jure jiƙa, da ruwa mai zurfin da zai karɓi ƙashin. Maƙerin jirgi a Lamu yana da itace da zurfi, na Gawo ba shi da ko ɗaya. Ɗinki a kan gajerun katakai, cikin ruwa marar zurfi, ƙarƙashin iskar gefe, haɗuwarsu ce ta rufe ƙofa.

Turawan da suka zo da zanensu sun gwada, kuma abin da ya same su shaida ce a gare mu. A ƙarshen 1805 Mungo Park ya zauna a Sansandi, ya ɗauki jirage biyu da kowanne rabinsa ya ruɓe, ya yanke lafiyayyun ɓangarorin ya haɗa su, ya samu jirgi mai tsawon ƙafa 40 da faɗin ƙafa 6, ya sa masa suna Joliba, ya rubuta wa hukumar Ingila cewa ya mai da shi jirgin zane. Abin lura shi ne shi ma shafaffen ciki ya bar masa, wanda ko da lodi bai nutsa fiye da ƙafa ɗaya ba, wato kogin ya tilasta masa fasalin da ya tilasta wa Sarkawa. Ya tashi a watan Nuwamba yana fuskantar arewa maso gabas, hunturu na dukan goshinsa, ya bi kogin fiye da kilomita 1,500, ya ƙare a duwatsun Busa a farkon 1806. A kogin Senegal ma, inda Faransawa suka daɗe suna hawa da jiragen zane zuwa ƙasar Galam, mafi yawan hawan da igiya ake yinsa, ma'aikatan jirgi baƙaƙen fata na tafe a gaɓa suna ja. Ranar da Faransa ta so mallakar kogin Isa da gaske, tururi ta kawo: da jirgin wuta Laftana Caron ya isa kusa da Tambutu a 1887. Kyaftin Lenfant kuwa, da ya hau da kayan soja daga teku zuwa yankin Say a 1901, ƙarfin matuƙan ƙasa da gorarsu da igiyarsu ne suka ƙetar da shi duwatsun Busa. Inda zanen Bature ya samu sarari shi ne tafkin Chadi, wanda Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, ya zaga a 1851 da jirgin da aka ɗauko gunduwa-gunduwa a bayan raƙuma daga Tarabulus, kuma tafki ba kogi ba ne.

Akwai wani dalili da masu kallon jirgi kaɗai ba sa gani, kuma shi ne ya fi shafar mutanen Kurfai da Imanan. A yankinmu fatauci ƙetare kogi yake yi, ba ya binsa. Babbar hanyar arzikin ƙasar Hausa a ƙarni na 18 da na 19 ita ce ta goro, daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja, inda Salaga take, kuma ayari da jakunansa da takarkarinsa gabas da yamma yake tafiya. Kogi shinge ne a gabansa, sai a nemi mashigi a Yawuri, ko Ilo, ko Gaya, ko Say, madugu ya yi ciniki da sarkin jirgi, a biya kuɗin fito, a loda kaya, dabbobin da ke iya iyo a kora su ruwa. Kanwar Dallol Boso da gishirin Foga da dabbobin Azawak su ma a bayan jaki da raƙumi ko da ƙafarsu suke tafiya, kuma dallolin nan su ne hanyoyinsu, saboda ruwa na kusa da ciyawa. Abin da bafatake daga Bonkuku ko Filinge ke buƙata a wajen mai jirgi shi ne ya haye da shi daga wannan gaɓa zuwa waccan, tafiyar da ba ta kai kilomita ɗaya ba a mafi yawan mashigai. Kafin a kafa jigo a warware zane, mai gora ya kai ya komo. Masunta kuma, da masu farautar dorina irin Sarkawan Ayoru da Jean Rouch ya ɗauka a fim a farkon shekarun 1950, jirgin da ke juyawa nan take cikin ciyawa ba tare da ƙara ba suke so. Duwatsun Labezanga a arewa da na Busa a kudu sun datse wannan yanki, ba su bar doguwar tafiyar ruwa ta zama babbar sana'a yadda ta zama tsakanin Jenne da Tambutu ba.

Wannan ya kawo mu ga suka mafi nauyi. Tsakanin Tambutu da Segu kogin yana gangarawa arewa maso gabas, hunturu na busowa daga can, ke nan mai hawa daga Kabara zuwa Jenne da rani iska na bayansa, daidai da sa'ar Nilu. Ga doguwar tafiya, ga kaya masu nauyi irin allunan gishirin Tawdeni, ga faɗin tafkin Debo. Me ya hana zane a nan a zamanin Caillié? Raunin ɗinki na cikin amsar, haka ma karkacewar rassan kogi a fadamun Masina, inda iskar da ke bayanka yanzu za ta koma gefenka bayan kwana ɗaya na ruwa. Tsadar tufa ma na ciki, domin saƙar ƙasa tsiri-tsiri ce mai faɗin tafin hannu, kuma tana da darajar da a Borno har kuɗi ake yi da ita, don haka zanen da zai tura tan 60 dukiya ce ba ƙarama ba. Amma wannan dalili ba ya tsayawa da ƙafarsa, tunda tabarmar kaba na da arha, kuma Turawan da suka zo gabar Gwalkwas a ƙarni na 17 sun tarar masunta na ɗaga zanen tabarma. Dalilin da ya rage shi ne wanda ba shi da daɗin faɗi. Hannuwan da ke riƙe da gora a manyan jiragen Jenne na bayi ne. Mai jirgin da ke da mutum goma sha da ba ya biyansu lada ba shi da abin da zai sa ya kashe kuɗi, ya sa jirginsa cikin haɗari, don ya rage musu wahala. Ina ganin wanda ke son kare martabar kakanni daga zargin jahilci dole ya karɓi wannan ɓangare na amsar shi ma, domin lissafin da ya sa aka bar zane lissafi ne da aka yi a kan gumin wasu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya tabbatar da wannan karatu. A 1905 Faransa ta haramta bauta a yankunan da ta mallaka a Afirka ta Yamma, bayi suka riƙa barin iyayengijinsu dubbai-dubbai, ƙarfin mutum ya zama abin saye. Zarto ya yawaita, dogon katakon maɗaci ya riƙa isowa daga kudu, ƙarfe ya yi arha har maƙera suka iya buga ƙusoshi da yawa, jirgin da ake bugawa da ƙusa a toshe da tsumma da man kaɗanya ya mamaye tashoshi irin Mopti. Sai ga buhu, na shinkafa da na sukari da na gari, wanda kusan kyauta ake samunsa. Da waɗannan suka haɗu, masunta da matuƙan Bozo da Somono ba su jira wani ya koya musu ba. Wanda ya je Mopti ko tafkin Debo da hunturu zai ga zanen: buhuna ne aka farke aka ɗinke su gefe da gefe, rubutun kamfani na nan a jikinsu, wani a miƙe wani a kife, har suka zama babban murabba'i. An ɗaure sanda a tsaye a jikin katakon da ke gicciye wajen gaban jirgi, an rataya zanen a wata sandar, igiyoyin kusurwa sun komo baya wajen mai riƙe da matuƙi. Iska na baya, jirgi na hawa ruwa, masu gora na zaune. Da kogi ya karya kwana iska ta koma gefe, sai a sauke a naɗe cikin ƙiftawar ido, a koma gora. Ba a ƙara wa jirgin ƙashi ba, ba a nemi ya yi abin da cikinsa ba zai iya ba. An ɗauki rabin dabarar da ta dace da ruwan, an bar sauran.

A ɓangaren Nijar kuwa ƙusa da buhu sun iso, amma alƙiblar iska ba ta canza ba, shi ya sa zane bai kafu ba. Samarin Kurfai da Zabarma da suka riƙa tafiya ci-rani Kumasi da Ankara a zamanin mulkin mallaka, har suka kai bautar aljanun Hauka da ta ɓullo a ƙasar Filinge wajen 1925 zuwa can, sun ga masuntan bakin teku da zanensu, sun komo da tufafi da kuɗin haraji, ba su komo da zane ba, domin babu inda za su kafa shi. Fito kansa ya ja baya a manyan mashigai da aka gina gadar Gaya da Malanbil a 1958 da gadar Kennedy ta Yamai a 1970, jigilar kasuwa a ruwa kuma ta koma hannun inji, wanda bai damu da inda iska ta fito ba. Kogin ma ƙara cikewa da yashi yake, kuma a watan Yuni na 1985 fari ya sa ya tsaya cik a Yamai. Inda lissafin zai iya sauyawa shi ne wurin da aka tare ruwa ya yi faɗi da zurfi, kamar tafkin Kainji da ya haɗiye tsohuwar Busa da duwatsunta a 1968, ko wanda madatsar Kandaji za ta tara kusa da Ayoru idan an gama ta. A irin wannan ruwa mai jirgi na iya zaɓar alƙiblarsa, tsadar man fetur kuma na iya sa a sake waiwayar iska. Mutanen Holan da na Sin, waɗanda su ma ruwansu ba shi da zurfi, sun warware matsalar iskar gefe da faffaɗan allo da ake ratayawa a haƙarƙarin jirgi, a sauke shi cikin ruwa ya yi tokara, a ɗage shi idan an zo kan yashi. Allon nan yana buƙatar jirgi mai faɗi da gefe mai ƙarfin da zai riƙe shi, don haka wanda ke son ganin zane a Kandaji sai ya fara zama da masu buga jirgi a kan faɗin ciki da kaurin katako kafin ya sayi buhu ko ɗaya.